Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Tantance Dabino da Kyamara

Aikin da ya fi cin mutane a sitocin dabino shi ne tsince. A zube kwali a kan tebur, a ware manya da ƙanana, a cire wanda ɓawonsa ya ɗago, da wanda sukari ya fito masa, da wanda ya fashe. Hausawan da ke harkar dabino a Madina da Makka da Jidda sun san idon mai tsince da safe daban yake da idonsa bayan la'asar, musamman gab da azumi da lokacin aikin hajji da kaya ke yawa. Kyamara da ƙaramar kwamfuta za su iya ɗaukar wani kaso na wannan aiki, kuma ɗalibin da ke neman abin bincike a fannin ganin kwamfuta zai same shi a nan cikakke. Sai dai mafi yawan masu farawa suna zuba ƙarfinsu a kan zaɓen manhaja, alhali inda aikin ke gyaruwa ko ya lalace wuri biyu ne: yadda aka haska dabinon kafin a ɗauki hoto, da yadda aka raba hotunan tsakanin koyo da jarrabawa.

Tsayar da tambaya ɗaya

Tambayoyi uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai tambayar iri: wannan ajwa ne ko safawi, mabrum ne ko kudari. Akwai ta girma, wadda daraja da farashi ke bi. Akwai ta aibi. Kowacce da irin hotunan da take bukata, don haka a fara da ɗaya. Wanda ke sayar da iri ɗaya ba ya bukatar na'urar gane iri, girma da aibi ne damuwarsa.

A kuma san iyakar kyamara tun farko. Kyamara irin ta waya fata kawai take gani. Tsutsar da ke kwance kusa da ƙwallo, ko tsamin da ya fara daga ciki, ba za su fito a hoto ba sai in sun bar alama a waje. Kada a yi wa mai sito alkawarin abin da sai an tsaga dabino ake gani.

Kafin a sayi komai, a samo gwanayen tsince biyu. A ba kowanne ƙwaya 200 iri ɗaya, an yi musu lamba, kowa ya yanke hukuncinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. A ƙirga inda suka dace. Idan sun dace a 170, wato kashi 85 cikin ɗari, to duk manhajar da ta ce ta samu kashi 99 a kan hukuncin ɗayansu abin tuhuma ce. Ƙwayoyi 30 ɗin da suka saɓa a kansu su ne dukiyar aikin. A zaunar da su biyun, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya: malam, me ya sa ka sauke wannan zuwa daraja ta biyu? A rubuta amsar da awo: tsawo daga milimita kaza, ɓawon da ya ɗago ya wuce kashi kaza na jiki. Wannan takarda ita ce dokar da za a yi wa hotuna laƙabi da ita har ƙarshe.

Akwati da haske

Kada a ɗauki hoto a hasken ɗaki. Hasken taga yana sauyawa daga hantsi zuwa azahar, fitilar rufi kuma tana ajiye farin tabo a kan kowace ƙwaya. A haɗa akwatin katako mai faɗin santimita 50, zurfi 50, tsayi 60, da ƙofa a gaba da rami a sama daidai gilashin kyamara. A shafa wa cikinsa farin fenti marar sheƙi.

Shimfiɗar ƙasa ta zama shuɗiya marar sheƙi. Dalili shi ne launukan dabino suna tafiya daga ruwan zinaren irin dabinon da ake kira sukari na yankin Ƙasim, zuwa ja-ja-ja na mabrum, zuwa baƙin ajwa, babu shuɗi a cikinsu ko kaɗan. A kan farar shimfiɗa, inuwar da ke gefen ajwa baƙa ce kamar ajwar kanta, sai kwamfuta ta haɗa su ta ƙara wa ƙwayar faɗi. A kan baƙar shimfiɗa kuwa ajwa da safawi ɓacewa suke yi. A zaɓi farantin roba ko allon da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin dabino yana barin danƙo, kuma takarda ko yadi ba sa kwana biyu ba su yi tabo ba.

Fitila ta zama ta LED mai tsiri, fara mai lamba 5000K, wato fari kusan irin na hasken rana, ko kusa da haka, wadda aka rubuta mata CRI 90 ko sama. Lambar CRI tana nuna yadda fitilar ke fito da launi na gaskiya. Mai ƙarancinta tana dusashe ja, kuma a cikin ja ne bambancin dabino da yawa yake. A manna tsirin a bangarori huɗu, yana kallon bango da rufi, yadda hasken zai daki farin fenti ya dawo a baje. Idan ka leƙa ta ramin kyamara ka hango ƙwayoyin fitilar suna ƙyalli a jikin dabino kamar jerin ɗige-ɗige, hasken bai baje ba, sai a sa farar roba mai dishi-dishi wadda haske ke ratsawa a gabansu.

Ƙyalli shi ne babban abokin gaba. Ɗauki safawi mai maiƙo ka sa ƙarƙashin fitila kai tsaye: a kan kowane tudun yamushewar fatarsa za ka ga siririn farin layi. A wurin kwamfuta wannan fari ne tas, lamba 255 a ma'aunin haske da ke farawa daga 0 na baƙi ya ƙare a 255, kuma ba ta da hanyar bambanta shi da farin sukarin da ya fito ko ɓawon da ya ɗago. Idan baje haske bai wadatar ba, a yi amfani da fim ɗin folaraiza guda biyu, wato siririyar leda mai tace haske ta bar mai karkata fuska ɗaya kawai ya wuce, ɗaya a gaban fitila, ɗaya a gaban gilashin kyamara, a riƙa juya na kyamarar har ƙyallin ya mutu, wanda ke faruwa idan sun gitta juna da digiri 90. Abu biyu a kula. Na farko, da wannan dabara dole fitila ta kalli dabinon kai tsaye, domin hasken da ya daki bango ya dawo ya riga ya warware, fim ɗin bai yi masa komai ba. Na biyu, abin da ke isa kyamara bai wuce rubu'in hasken ba, don haka sai an ƙara fitila.

Akwai kuma matsalar da masu kwafar darasi daga wata ƙasa ke faɗawa. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Sudan da Najeriya sau 50. Fitilar da ke bin wutar bango kai tsaye tana ƙiftawa ninki biyu na haka, wato sau 120 a Saudiyya. Ido ba ya gani, amma hoto yana fitowa da ratsi-ratsi, ko wani ya fi wani haske ba dalili. In dole sai da irin wannan fitila, a sa saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe ido ta ɗauki hoto, a 1/120 ko 1/60 ko 1/30 na daƙiƙa, ba 1/100 ko 1/50 da ake gani a darussan ƙasashen 50 ba. Mafi sauƙi shi ne a ba fitilar wuta tsayayyiya ta bolt 12 daga adafta mai kyau, kuma kada a sa mata abin rage haske mai arha, domin yawancinsu kunnawa da kashewa suke yi da sauri, ratsin ya dawo.

Kyamara

Waya mai yanayin saiti da hannu ta isa a fara. Wanda zai gina na'ura ta dindindin zai iya ɗaukar ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi da kyamararta ta HQ mai megafiksel 12. A ɗaure kyamara da kusoshi a tsayin santimita 40 daga shimfiɗa, tana kallon ƙasa sak. Sai a kulle komai: fokas, saurin ƙiftawa, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a mafi ƙanƙanta, da daidaiton fari. A kashe HDR, mai haɗa hotuna masu haske daban-daban su zama ɗaya, da duk wani gyaran fuska ko ƙarin kaifi. Idan aka bar waya ta zaɓa da kanta, za ta ƙara haske idan ta ga ajwa, ta rage idan ta ga sukari, ta kuma karkata launi don ta rama shuɗin shimfiɗa. Bambancin da ake son aunawa shi take gogewa.

Wajen tsayar da haske, a sa ƙwaya mafi duhu da mafi haske tare a faranti, a duba lambobin fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Ƙananan layukan fatar ajwa su fito sarai, kada jikinta ya nutse ƙasa da 20, sukari kuma kada ya taɓa 255. A kunna fitila minti 15 kafin a fara, a ɗauki hoton katin toka a farkon kowane zama da ƙarshensa. Idan lambar katin ta motsa da fiye da 3 ko 4, wani abu ya sauya, a nemo shi kafin a ci gaba. A ajiye hotuna a PNG ko RAW. Kada a tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su ya share ƙananan layukan fata. A kwashe da kebul ko a tura a matsayin fayil.

Daga fiksel zuwa milimita

Gilashin kyamara yana ɗan lanƙwasa gefen hoto. A buga takarda mai gidaje baƙi da fari irin na allon ces, a manna ta a kan gilashi ko katako miƙaƙƙe, a ɗauke ta sau 15 zuwa 20 a karkace daban-daban, a ba umarnin calibrateCamera na OpenCV, manhajar sarrafa hotuna, ya fitar da lambobin gyara. Daga nan kowane hoto sai an miƙar da shi kafin awo.

A manna alamar ArUco, wani ɗan murabba'i baƙi da fari da kwamfuta ke ganewa, mai faɗin milimita 30 a kusurwar faranti, a auna ta da rula bayan bugawa, domin firinta kan rage girma. Idan faɗin hoton fiksel 4056 ne kuma yana ɗaukar milimita 300, kowace milimita fiksel 13.5 ce. To amma dabino ba shimfiɗe yake kamar takarda ba. Mafi faɗin jikinsa yana sama da faranti da kusan santimita ɗaya, wato ya fi alamar kusa da kyamara: 39 maimakon 40. Wannan yana ƙara masa kusan kashi 2.5 cikin ɗari, milimita ɗaya a ƙwaya mai tsawon 40, kuma milimita ɗaya ta isa ta haye da ƙwaya daga daraja zuwa daraja. Maganin shi ne a ɗora alamar a kan ɗan katako mai kaurin santimita ɗaya. A tabbatar da ma'aunin kauri irin na makanikai a kan ƙwaya 30. Idan kuskuren duk gefe ɗaya yake karkata, tsayin alamar ne bai daidaita ba.

Tara hotuna

Masu bincike a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad sun fitar da tarin hotunan dabino a 2019, amma galibinsa na gona ne, nonnan dabino a kan bishiya, don aikin girbi. Yana da amfani wajen koyon hannu. Na teburin tsince kuwa, sai mutum ya tara nasa a cikin akwatinsa.

A nemi ƙwaya 300 zuwa 500 a kowane rukuni, wato kowane iri ko daraja ko aibi da ake son na'ura ta ware, amma inda suka fito ya fi yawansu muhimmanci. Ƙwaya 500 daga kwali ɗaya gona ɗaya ce, girbi ɗaya, ajiya ɗaya. Gara 60 daga kwali takwas na dillalai daban-daban, wasu sabon girbi, wasu da suka yi watanni a firji. Girbi a Saudiyya yana faɗowa ne a tsakiyar zafi, don haka wanda ke son hoton sabon dabino da na tsoho sai ya tsara aikinsa da kakar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dabinon da aka fito da shi daga ɗakin sanyi yana yin gumi da zarar ya sha iskar waje, raɓar kuma tana sauya launi da ƙyalli. A bar shi a rufe cikin ledarsa har ya koma zafin ɗaki kafin a buɗe. A jera ƙwaya 12 zuwa 20 a faranti, da tazarar yatsa tsakaninsu. A ɗauka, a juya kowacce a inda take, a sake ɗauka, domin aibi yakan ɓuya a ƙasa. Sunan kowane fayil ya ƙunshi iri, lambar kwali, rana, lambar faranti da gefe. A buɗe jadawali a rubuta hukuncin masu tsince a kan kowace ƙwaya, da nauyinta a sikeli mai auna giram 0.1 in da hali.

Kada a ɗauki ajwa duka ranar Asabar, safawi duka ranar Lahadi. Idan kyamara ta ɗan gusa a tsakani, ko wani tabon danƙo ya zauna a faranti, manhaja za ta koyi bambancin Asabar da Lahadi ta bar dabinon. A cakuɗa rukunai a kowane zama, a kuma sauya musu gurbi a faranti.

Raba dabino da shimfiɗa

Kayan aikin kyauta ne: harshen rubuta manhaja na Python, da kayan haɗinsa OpenCV, NumPy da scikit-learn. A tuna OpenCV yana karanta launi a jerin shuɗi, kore, ja, akasin yawancin sauran manhajoji; idan dabino ya fito shuɗi a allo, wannan ne.

A juya hoton zuwa tsarin launi na Lab, a ɗauki sashen b, wanda ke auna tafiya daga shuɗi zuwa rawaya. A OpenCV tsakiyarsa 128 ce: shimfiɗa tana can ƙasa da ita sosai, baƙar ajwa tana kusa da ita, sukari yana sama. Inuwa a kan shuɗi tana nan shuɗiya, shi ya sa wannan sashe ya fi hoton baƙi da fari aminci. A ɗan lausasa hoton da tacewar Gauss mai 5 sau 5, sannan a yanke iyaka da hanyar Otsu, wadda Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979. Tana neman lambar da ta fi raba fiksel gida biyu. Rauninta shi ne dole sai ta raba: ba ta farantin da babu komai, za ta tsaga shimfiɗar biyu ta kira rabi dabino. Tunda haske a kulle yake, a bar ta ta fitar da lamba a kan hotuna 20 masu kyau, a ɗauki matsakaicin, a kafe shi.

Bayan yanka za a ga ƙananan ɗige a shimfiɗa da ramuka a jikin ƙwaya inda ƙyalli ya saura. A share ɗigen da buɗewa mai 5 sau 5, a toshe ramukan da rufewa mai 7 sau 7, duka dabaru ne a umarnin morphologyEx na OpenCV. Sai findContours ya zagaye kowace ƙwaya ta waje. A zubar da duk abin da bai kai murabba'in milimita 100 ba, ɓarɓashi ne, da duk wanda ya taɓa bakin hoto. Ƙwayoyi biyu da suka manne za su fito a matsayin ƙatuwa ɗaya. Ana raba su da wata dabara mai suna watershed, amma yakan tsaga doguwar ƙwaya irin mabrum gida biyu, don haka tazara a faranti ta fi sauƙi. Kafin auna launi, a zaizaye gefen da fiksel 4 ko 5, domin shuɗin shimfiɗa yana haskawa a gefen fata.

A zana layin da aka samu a kan ainihin hoto, a duba aƙalla ɗari da ido. Wannan mataki ba a tsallake shi.

Fara da awo kafin babbar raga

Daga kowace ƙwaya a fitar da tsawo da faɗi ta minAreaRect, da rabon tsawo a kan faɗi, da faɗin fili. A ƙara cikar siffa, wato filin ƙwaya a raba da filin zaren da aka ɗaure ta da shi ta waje; lafiyayya tana kusa da 1, wadda ta fashe ko tsuntsu ya ci tana sauka. A ɗauki matsakaicin sassan Lab uku, L na haske, a na kore zuwa ja, da b, da yadda suke warwatse. Saga'i yana da kai mai haske da jiki mai duhu, don haka a raba ƙwaya gida uku a tsawonta a auna kowane kashi daban. Ɓawon da ya ɗago yana fin sauran jiki haske saboda iskar da ke ƙarƙashinsa, sai a ƙirga kason fiksel da suka zarce matsakaicin hasken ƙwayar da tazara mai yawa. Yamushewar fata kuma ana auna ta da dabarun lissafa kaushi ko santsin abu a hoto, kamar LBP ko ma'aunan Haralick na 1973.

Lambobi 20 zuwa 30 ke nan a kowace ƙwaya. A ba Random Forest, hanyar koyo da ke haɗa ƙuri'ar ƙananan jerin tambayoyi da ake kira bishiyoyi, mai bishiya 300, yana gamawa cikin daƙiƙoƙi a kwamfutar cinya. Tambayar girma ma ba ta bukatar koyo, awo da dokar masu tsince sun isa. Amfanin wannan mataki shi ne yana ba da ma'aunin da za a gwada duk wata babbar hanya da shi, kuma idan ya yi kuskure ana iya gano lambar da ta jawo.

Rabon hotuna

A nan ne sakamakon ƙarya ke shigowa. Abin da aka saba shi ne a zuba hotuna wuri ɗaya, a bar kwamfuta ta ɗebi kashi 70 na koyo, 15 na dubawa yayin gyara, 15 na jarrabawar ƙarshe. Da haka gaban ƙwaya yana cikin koyo, bayanta yana cikin jarrabawa, 'yan kwalinsu kuma sun bazu ko'ina. Manhaja ta ga amsa kafin jarrabawa. Za ta ba da kashi 98 ko 99, ranar da aka kawo kwalin wani dillali kuma ta rikice.

A raba da kwali. Cikin takwas na kowane rukuni, biyar ko shida na koyo, ɗaya na dubawa, ɗaya ko biyu na jarrabawa, kuma babu ƙwayar kwalin jarrabawa da za ta leƙa koyo. GroupShuffleSplit ko GroupKFold na scikit-learn suna yin haka idan aka ba su lambar kwali, abin da ya sa aka sa ta a sunan fayil. Duk wani lissafin daidaita lambobi a yi shi daga kason koyo kaɗai. Juya hotuna don ƙara yawansu ma sai bayan rabo. Sakamakon zai sauka, wani lokaci da yawa, kuma wannan saukakken shi ne na gaskiya. Kason jarrabawa a rufe shi, sau ɗaya ake buɗewa a ƙarshe. Wanda ya riƙa leƙawa yana gyara ya mai da shi kason dubawa.

Ragar koyo

Idan awo ya gaza, galibi a kan aibi ko irin da suka yi kama, sai a ɗauko raga, wato babbar manhaja mai hawa-hawa da ke koyon siffofi da kanta daga hotuna, wadda aka riga aka horar a kan ImageNet, tarin hotuna sama da miliyan ɗaya a rukuni 1000. MobileNetV2 na 2018 ƙarama ce, tana gudu a Raspberry Pi; ResNet-18 ma ta isa. Suna karɓar hoto mai fiksel 224 sau 224. Kada a yanko kowace ƙwaya daidai jikinta a miƙe ta ta cika murabba'i, domin hakan yana mai da doguwa gajera, ƙarama ta yi daidai da ƙaton dabino irin anbara. A yanko taga mai girma ɗaya, milimita 70 sau 70, ƙwayar a tsakiya, a shafe sauran da launi ɗaya.

A daskarar da ragar, wato a hana abin da ta riga ta koya sauyawa, a horar da hawa na ƙarshe kaɗai, zagaye 10, hoto 32 a kowane ɗiba, girman taku, wato yawan gyaran da take yi a kowane ɗiba, 0.001. Sai a saki hawa na sama kaɗan, a rage taku zuwa 0.0001 ko ƙasa, a tsaya idan zagaye 5 sun wuce kason dubawa bai inganta ba. Wajen ƙara hotuna, juyawa ta kowace fuska da kifewa ba laifi, haske a motsa shi da kashi 10 kawai. Launi kuwa kada a taɓa shi, shi ne shaidar. Kowace raga da yadda take son a daidaita mata lambobin fiksel: MobileNetV2 a manhajar horo ta Keras tana son su tsakanin -1 da 1. Idan horo ya yi kyau amma na'ura ta riƙa shirme a sito, a fara duba wannan da jerin launin OpenCV. Wanda ba shi da kwamfuta mai ƙarfi zai iya horarwa a Google Colab, shafin da ke ba da aron kwamfuta ta intanet.

Karanta sakamako

Lamba ɗaya ba ta isa ba. Idan cikin ƙwaya 100 biyar ne masu fumfuna, manhajar da ke cewa komai lafiya ta ci kashi 95 ba ta kama ko ɗaya ba. A fitar da jadawalin da ke nuna kowane rukuni da inda aka kai shi, a tambaya: cikin masu aibi na gaske nawa aka kama, cikin waɗanda aka fitar kuma nawa ne lafiyayyu. Kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Lafiyayyar ajwa da aka sauke daraja asarar riyal ce; mai fumfuna da ta shiga kwalin da alhaji zai kai gida tsaraba asarar suna ce. Mai kaya ne zai faɗi wanda ya fi iya jurewa, a matsa iyakar zuwa can.

A buɗe hanya ta uku: duk ƙwayar da tabbacin manhaja bai kai 0.8 ba ta tafi gaban mutum. A kuma sani raga ba ta cewa ban sani ba. Sa mata tsakuwa ko ƙwallo za ta ba shi sunan wani dabino, sai an tace irin waɗannan da awo tun kafin su isa gare ta. A duba hotuna 50 da Grad-CAM, wanda ke haska inda ragar ta kalla. In hasken yana kan gefen taga maimakon fata, a koma tara hotuna.

Idan za a ɗora a kan bel mai jan kaya

Motsi yana kawo dishi-dishi. Bel mai gudun santimita 20 a daƙiƙa, da ƙiftawar 1/1000, yana gusar da ƙwaya milimita 0.2, kusan fiksel uku a awonmu na sama. A 1/120 kuwa ya haura milimita ɗaya da rabi, layukan fata sun tafi. Ke nan bel yana bukatar haske mai yawa da wuta tsayayyiya, dabarar 1/120 ba ta aiki a nan. Kyamarar da ke karanta hoto layi-layi, irin ta waya da ta HQ, tana karkata abin da ke tafiya, don haka a nemi mai ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda; Raspberry Pi na da irinta mai suna Global Shutter. Idan bututun iskar da ke ture ƙwaya yana santimita 30 gaba da kyamara, jinkirin daƙiƙa 1.5 ne, kuma gara a ƙirga juyin tayar bel da a dogara da agogo, domin bel yana rage gudu idan kaya sun yi nauyi. Hotunan akwati ba za su wadatar ba, sai an ƙara da na kan bel ɗin kansa.

Zafi da ƙura su ne sauran. Raspberry Pi yana rage gudu da kansa idan ya kai digiri 80, abin da ba shi da wuya a siton da babu na'urar sanyaya ɗaki a watan Agusta. A sa masa fanka da ƙarfen shan zafi, a ajiye shi wajen akwatin fitila. A goge gilashi da bel kullum, a ɗauki katin toka kowace safiya. Kowane mako a ɗebi ƙwaya 100 da na'ura ta tantance a ba masu tsince su duba ba tare da sun ga hukuncinta ba, a rubuta inda suka saɓa. Idan sabon girbi ya shigo, ko aka sauya fitila ko dillali, a tara ƙwaya ɗari biyu ko uku na sabon kayan, a jarraba na'urar da su tukuna, sannan a ƙara su cikin kason koyo a sake horarwa.